DUTSEN DA ƊALIBATA TA KAWO MINI: GWANDU, KALGO DA YARAN DA MUKE BARI A BAYA

Rubutun yau yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda ke cikin sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Kalgo, amma a Gwandu aka haife ni, can aka binne cibiyata. Makonni kaɗan da suka wuce, bayan an tashi daga aji, wata ɗalibata 'yar aji biyu na babbar sakandare ta tsaya har kowa ya fita. Ta zaro wani ɗan farin dutse daga jakarta, bai kai ƙwan kaza ba, ta ce: "Malam, wanga abu fa? Babana ya tsinto shi wajen Kalambaina. Shi ya ce dutse ne, ni kuwa gani nake kamar katantanwa." Mahaifinta direban babbar mota ne, yana jigilar siminti daga Sakkwato.

Na karɓa na jujjuya. Katantanwa ce kuwa, a murɗe tsaf, sai dai ta koma dutse. Na aika aka sayo lemun tsami, na kankare gefen dutsen da reza, muka ɗiga ruwan lemun a kan garin. 'Yan ƙananan kumfa suka taso. Na ce mata wannan alama ce ta irin farin dutsen da ake yin siminti da shi, kuma yawancinsa daga ɓawon halittun ruwa yake samuwa. Ta yi shiru, can ta ce: "To Malam, mi ya kawo halittar ruwa cikin dutse a Sakkwato?"

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ba a taɓa yi mini tambayar da ta kai wannan daɗi ba. Ba a kuma taɓa yi mini wadda ta sa ni jin kunya kamarta ba. Zan faɗi dalili, amma bari in fara da amsar.

Masana ilimin ƙasa da duwatsu sun nuna cewa wani reshen teku ya taɓa ratsa inda Sahara take a yau, ya malalo har ƙasar Sakkwato, wajen shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce bisa ƙiyasinsu. Da ruwan ya janye sai ya bar laka da ɓawo hawa-hawa. Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen da aka ba waɗannan hawa a littattafan kimiyya na duniya. Daga ƙasa zuwa sama: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, sai na can sama, Gwandu. Duk garuruwanmu ne. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo, da wani irin kada da aka kira Sokotosuchus a 1975. Ɗalibi a Italiya ko Ingila yana iya sanin waɗannan sunaye, yaron Goronyo bai taɓa jin labarin ba.

Shimfiɗar Gwandu kuwa ita muke takawa kullum a Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi. Yashi ne da yumɓu, wani kan wani, kuma yashin nan shi ke riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatsenmu ke zuƙowa. A wasu wurare masu kwari, idan aka huda yumɓun da ya danne yashin, ruwa kan taso da kansa ba tare da famfo ba. Tun 1973 aka buga babban rahoto a kan wannan ruwa, bayan binciken da masanan Amurka da na Najeriya suka yi tare. Ke nan duk yarinyar da ta je ɗiban ruwa da safe tana ɗiba ne daga wani abu da duniya ta sani da sunan garin Malam Abdullahi, ita kuwa ba wanda ya gaya mata.

Yanzu ga kunyar. Bara na shirya wa ajin nan ziyarar ƙaro ilimi zuwa gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Na ce kowa ya kawo kuɗin mota da na abinci. Cikin yara sama da sittin, goma sha tara suka biya, mata huɗu kacal. Waɗanda suka je, kusan dukansu 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwar cikin gari. Mai dutsen nan ba ta je ba. Na ɗauki hotuna, na sa a Facebook, aka yi ta yi mini Allah san barka, ni ma ina jin na yi abin kai. Ban zauna na tambayi kaina su wa na bari a baya ba. Laifin nan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai da yarinyar da ba ta da kuɗin mota ta kawo mini tambayar da ta fi duk abin da muka dawo da shi daga Argungu, sannan na farga.

Wannan ne ya sa na koma tarihin garinmu, don in ga ko magabata sun fi mu dabara. Sun fi mu, wallahi.

Jama'ar Shehu Usmanu sun sauka Gwandu a 1805, shekarar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, kuma shekarar da aka sha wuya a Alwasa. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Gwandu ta zama cibiyar wannan ɓangare na yamma, wanda ikonsa ya kai Nufe da Ilori ta kudu, ya kai Liptako a Burkina Faso ta yau. Duk wannan muna haddace shi tun firamare. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne wane irin mai mulki ne wannan. Mutum ne da ya rubuta Liya'ut Tawili a tafsiri, Bahrul Muhiɗi a nahawu, Hisnur Rasin a sarfu, Liya'ul Hukkami a sha'anin mulki lokacin zamansa a Kano, da Tazyinul Waraƙati inda ya tara waƙoƙinsa da labarin zamaninsa. Yana kuma da Masalihul Insani, wanda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki wuri guda. A wani ɗan littafinsa, Ida'un Nusukhi, ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya karanta wurin kowanne. A yaren jami'a na yau, wannan shi ne faɗin inda ka samo iliminka, kuma shi ne ginshiƙin kowane bincike na gaskiya.

Ga wani labari da ya kamata a rubuta a bangon kowace makaranta a Gwandu. A watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a hanyarsa ta zuwa Timbuktu. Sarki bai yarda ya gana da shi ido da ido ba. Amma a garin nan aka ara masa wani littafi rubutun hannu, ya kwana ya wuni yana kwafar abin da zai iya cikin 'yan kwanakin da yake da su. Littafin shi ne Tarikhus Sudan, tarihin daular Songhai da Timbuktu. Barth ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta shi, daga baya aka tabbatar na Abdurrahman Sa'adi ne. Daga abin da ya kwafa a Gwandu ne masanan Turai suka fara sanin jerin sarakunan Songhai da shekarunsu, tun kafin a buga cikakken littafin a Faris a ƙarshen ƙarnin. Ku duba fa: tarihin wata daula mai nisan ɗaruruwan mil, a ɗakin karatun wani malamin Gwandu aka same shi a adane. Gidan adana tarihi ke nan da jami'a a cikin zaure ɗaya.

Wani zai ce ai duk wannan ilimin addini ne da tarihi, ina kimiyya? To mu leƙa Sakkwato. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya fito da kayan awon taurarinsa, sai ya tarar Bello ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826 ya kawo masa kyautar littattafai, ciki har da littafin lissafin Euclid da Larabci. Bello ya shaida masa cewa dama gidansu suna da kwafi da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Bellon nan ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basur. Kafin su ma, Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a Alƙahira a 1732 a kan hanyoyin jera lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, abin da masana lissafi ke nazari har gobe. A can ya rasu a 1741.

Ni kaina na ga ɓurɓushin wannan ilimi da idona. Ranar 29 ga Maris 2006, ana gama ƙidayar jama'a, aka yi husufin rana. Ina saurayi a lokacin. Da hantsi gari ya yi duhu-duhu a Gwandu, iska ta yi sanyi, kaji suka rikice. Bayan an idar da salla, wani tsohon malami a unguwarmu, wanda bai taɓa shiga ajin boko ba, ya tara mu yara. Ya ce mu lura, rana ba ta yin husufi sai a ƙarshen wata, shi kuma wata ba ya yi sai a tsakiyarsa, daren sha huɗu ko sha biyar. Ya ɗauki faifai ya tare tsakanin idona da fitila, ya ce ga abin da wata ya yi wa rana yau. Daga nan ya shiga ba mu labarin manzilolin wata 28, da Gamzaki, da Kaza da 'Ya'yanta. Darasin kimiyya mafi kyau da aka taɓa ba ni ke nan, kuma a kan buzu aka ba ni shi. Allah Ya jiƙansa. Littattafansa suna nan cikin gafaka a wani ɗaki, gara da ɗigon damina suna rabon su.

Sai batun adalci, wato wa ilimi ke isa gare shi. A nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riga mu nisa. Ta san matan ƙauye masu aure ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno karatu ba. Ba ta ce to shi ke nan, wadda ta iya zuwa ta zo ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta sa musu malfa alamar izini. Su ke jagorantar 'yan mata ƙanana da tsofaffi zuwa wurinta, su karɓi karatu cikin waƙa da harshen da suke ji, su koma su koyar da waɗanda aka bari a gida. Su ne 'Yan Taru. Ta gane abu uku da ni na kasa ganewa bara: ilimi ne ya kamata ya yi tattaki, da harshen mutane za a ba da shi, kuma a hannun wanda iyaye suka amince da shi za a aika shi.

To ina muka saki layi? Bayan zuwan Turawa a 1903 an mayar da fadar Gwandu Birnin Kebbi, aka kawo makarantar boko, ilimi ya rabu gida biyu. Na zaure ya riƙe Larabci da ajami, na aji ya riƙe Turanci da kimiyya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kallon hadarin kaji. Gidajen tarihi da aka buɗe daga baya sun yi babban aiki na adanawa. Na Jos ya buɗe a 1952. Na Kanta ya buɗe a 1958 a tsohuwar fadar Argungu da sarakuna suka zauna har 1942, yana riƙe da makamai da tambura da kayan su da na sauran sana'o'in Kabawa. Amma mu jama'a mun ɗauki gidan tarihi a matsayin wurin kai baƙi lokacin bikin kamun kifi, ba mu ɗauke shi aji ba. Mashi yana rataye, yaro ya kalla ya wuce. Ba mu tambayar daga wace tama aka narko ƙarfen, da wane gawayi, zafin wutar ya kai nawa, yaya maƙeri ya san ya nuna ba tare da ma'aunin zafi ba. Duk waɗannan tambayoyin kemistiri ne da fiziks.

Inda jami'a da masu adana tarihi suka haɗa hannu a Arewa, an ga amfani. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna, yau tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, gidan tarihi da cibiyar bincike a haɗe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Bai yi shiru ba, ya kai rahoto. Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka yi aikin tono tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, aka fito da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ku lura da wanda ya fara gani: makiyayi. Kamar dai direban motar siminti.

Kano kuma ta nuna abin da niyya ke yi. A 1977 ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Aka riƙa zaɓo yara ta hanyar jarrabawa daga ko'ina a jihar, har da 'ya'yan talakawan karkara. Je ka asibitocin Kano da Jigawa yau ka tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ka sha jin sunayen nan.

A wajen ƙasar nan ma haka abin yake. Michael Faraday ɗan maƙeri ne a Landan, yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littafi. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccar kimiyya kyauta. Shekara guda bayan nan aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaje-gwaje. A 1831 ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki, ilimin da kowane janareto da injin dam ɗin Kainji ke aiki da shi. Tikiti ɗaya ne fa. Shi ya sa da ya girma ya tsaya kan laccocin yara na ƙarshen shekara, waɗanda aka fara a 1825 kuma ake yi har yau. A San Francisco ta Amurka, gidan kimiyya na Exploratorium da aka buɗe a 1969 ya ɗauki 'yan sakandare aiki, ana biyan su, su ke yi wa baƙi bayani. Gidan tarihin halittu na New York yana haɗa 'yan sakandare da masana su yi bincike na gaske tsawon shekara, tare da ɗan alawus don kada ɗan talaka ya janye saboda neman na abinci. Kusa da mu, Jami'ar Zululand a Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar kimiyya tun 1986 domin yaran makarantun karkara da ba su da ɗakin gwaji. Abin da ya haɗa su duka: an ba matashi aiki a hannu, an kuma cire masa shingen kuɗi.

Mu dawo gida. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991 ba ta da jami'a ko ɗaya. A 2006 aka kafa ta kimiyya da fasaha a Aliero, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta fara karatu a 2014 a nan Kalgo, mazauninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji a kan hanyar Bunza. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Ga gidan Kanta a Argungu. Ga hubbaren Malam Abdullahi da gidajen malamai masu tsofaffin littattafai a Gwandu. Ga kufan Surame da ganuwarta ta dutse, wadda Kanta ya gina a ƙarni na 16, ba nisa a Jihar Sakkwato. Duk cikin tafiyar yini guda. Tun zamanin Halilu ba mu taɓa tara kayan ilimi kusa da juna haka ba. Amma ina da ɗalibai da ke hango ginin jami'a kullum daga gonar babansu, ba su taɓa leƙa madubin ƙara girma ba sai zanensa a allo.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba gini nake roƙo ba.

Na farko, a farfaɗo da tsarin jaji. Ɗaliban jami'a na shekarar ƙarshe, maza da mata, su ɗauki akwati guda: madubin ƙara girma, maganaɗisu, samfurin duwatsun yankinmu, hotunan kayan gidan Kanta da kwafin shafukan tsofaffin littattafai. Su kai shi Diggi da Dangoma da Zuguru, su kai Dalijan da Kambaza da Malisa, da rana tsaka, a harabar makaranta ko ƙofar hakimi. A lissafa musu wannan cikin makin karatunsu.

Na biyu, a ba yara bincike na gaske. Igiya mai ƙulli a kowace mita ta isa yaro ya auna zurfin ruwan rijiyar unguwarsu sau ɗaya a wata. Makarantu ashirin su yi haka shekara uku, malaman jami'a su tattara, za mu san yadda ruwan shimfiɗar Gwandu ke hawa da sauka, da abin da famfunan noman rani ke yi masa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a jihar nan a 2015 fadamunmu suka cika da injin ban ruwa, a 2020 kuma ambaliya ta shafe gonaki masu yawa. Waɗannan tambayoyi ne na tuwon gobe. Haka ruɓewar albasa a rumbunan Aliero: yara su gwada rumbu iri biyu, su auna, su rubuta. Wanda ke ganin wannan wasa ne ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gida ta kashe yara sama da 400. Sanin abin da ke cikin dutse yana iya zama tsakanin rai da mutuwa.

Na uku, littattafan zaure. A je da ladabi wurin masu su, ba don a karɓe ba. A ɗauki hoton kowane shafi a gabansu, a bar musu kayansu da kwafi. A nan almajiri ya fi ɗan boko amfani, don shi ke karanta Larabci da ajami. A zaunar da gardi da 'yar aji biyar teburi ɗaya: shi ya karanta, ita ta shigar a kwamfuta, malamin kemistiri ya nuna musu dalilin da ya sa tawadar gawayi da ƙaro ke daɗewa, da abin da danshi ke yi wa takarda. Rabuwar nan ta shekara ɗari da ɗoriya a irin wannan teburi za a fara ɗinke ta.

Na huɗu, ƙa'idar shiga. Kada a karɓi ko sisi. Rabin gurbi na mata ne, kuma mata ne za su jagorance su. A ware kaso na makarantun ƙauye da na Fulanin ruga da yara masu buƙata ta musamman. A yi bayani da Hausa, da Fulatanci ko Zabarmanci inda ya kama, Turanci ya biyo baya. A ba da ɗan kuɗin mota da abincin rana, domin yarinyar da ke talla idan ta bar farantinta yini guda, gidansu ne zai ji a tukunya. Kada a zaɓa da takardar wani babba. Idan aka buga sakamako, a sa sunayen yaran da suka yi awon.

Na san abin da za a ce: tsaro. Gaskiya ne. Bayan abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da na makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamban 2025, babu mai hankalin da zai zargi uban da ya hana ɗiyarsa shiga mota zuwa wani gari. Ni ma uba ne. Amma wannan hujja ce ta a kai ilimin inda yarinyar take, gaban idon iyayenta, a tashi kafin la'asar. Idan muka ce sai komai ya lafa, masu son a rufe makarantu sun samu abin da suke so ba tare da sun sake harba harsashi ba.

Za a kuma ce kuɗi. Akwatin da na lissafa bai kai abin da ake kashewa a kan rumfa da kujerun taro guda ba. Jami'o'i suna da hanyar neman tallafin bincike daga TETFund, kuma hidimar al'umma tana cikin aikin da aka kafa su dominsa. Masarautar Gwandu da ta Argungu suna da faɗa a ji wurin masu littattafai da iyayen yara. Kamfanonin shinkafa da na siminti da ke cin arzikin wannan ƙasa da wannan dutse suna da rabonsu na ɗawainiya. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai tara su a zaure ɗaya. Ina kira ga tsofaffin ɗalibanmu da ke koyarwa a Kalgo da Aliero: ku ne kuka san ƙofofin, ku fara ƙwanƙwasawa.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Na samo kwalin taliya, na shimfiɗa tsohon ƙyalle a ciki, na ce wa ajin wannan shi ne gidan tarihinmu. Mai dutse ta rubuta takardar bayani da hannunta, da Hausa: inda aka tsinto shi, wanda ya tsinto, watan da aka tsinto, da gwajin lemun tsami. Cikin mako biyu kwalin ya cika. Wani ya kawo kashin tama daga wani tsohon kufai kusa da gonarsu. Wata ta kawo igiyar ɓawon kalgo da kakarta ta tufka, muka rataya mata bokiti muna ƙara ruwa kofi-kofi har ta tsinke, muka rubuta adadin. Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya kawo yumɓu kala uku daga bakin rijiyar da ake haƙawa a unguwarsu, ya jera su yadda suka fito daga sama zuwa ƙasa. Bai sani ba, shimfiɗar Gwandu ya jera mana a kan benci.

Ranar Juma'ar da ta wuce mahaifin yarinyar ya tare ni bayan masallaci. Ya ce: "Malam, an ce dutsen nan nawa har an rubuta sunana a jikinsa?" Na ce ƙwarai kuwa Alhaji, kai ne mai binciken farko. Ya yi dariya, ya ce akwai wani da ya fi wannan girma a inda suke jiran lodi, in ya koma zai ɗauko mana. Sannan ya rage murya ya ce: "Ita fa yarinyar nan karatun duwatsu take cewa za ta yi a jami'a. Akwai irin wannan karatu kuwa?" Na ce akwai, Alhaji. Ya jinjina kai, ya ce to a taya shi da addu'a, shi ma zai yi iyakar ƙoƙarinsa.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Nana Asma'u da dukan malamanmu. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu a makarantunsu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu da ke wuyanmu. Amin.